Haƙƙin Limamin Gidan Yari: Albashi da Matsayin Aiki a Ingila da Wales, Tare da Waiwayen Faransa da Kanada

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci limaman gidajen yari ta fuskar kasancewarsu ma'aikata, inda ta bi diddigin shari'ar Naeem da Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke a 2017, ta kuma kwatanta ta da tsarin Faransa da na Kanada. Hujjar da aka gina ita ce, tauye haƙƙin waɗannan ma'aikata yana farawa ne tun daga irin matsayin da aka ɗauke su a kai, kuma ɗora kowa a kan ma'aunin albashi ɗaya daga baya ba ya biyan bashin shekarun da aka yi ana aiki ba tare da matsayi ba. An kuma auna manyan sukar da ake yi wa wannan ra'ayi ta fuskar fiƙihu da 'yancin limami da tattalin dukiyar gwamnati.

1.0 Gabatarwa

A ranar 5 ga Afrilu, 2017, Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a kan ƙarar da wani limamin Musulmi mai suna Naeem ya kai Sakataren Shari'a na ƙasar, wanda gidajen yarin Ingila da Wales suke ƙarƙashin kulawarsa. Kukan mai ƙara shi ne, limaman Musulmi da na Kirista suna aiki iri ɗaya a kan ma'aunin albashi ɗaya, amma idan aka fitar da matsakaicin abin da kowane rukuni yake ɗauka, sai a tarar na Musulmi ya gaza. Kotu ta yarda giɓin yana nan, ta yarda kuma ya cika sharuɗɗan farko na abin da doka take kira wariya a kaikaice. Duk da haka ta kori ƙarar, domin kotun ma'aikata ta riga ta gamsu cewa hukumar gidajen yari tana da uzurin da doka ta karɓa.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa wannan giɓi alama ce ta wata matsala da ta fi shi daɗewa, wato yadda hukumomi suke dogara da aikin limamin gidan yari kamar yadda suke dogara da na likita ko malamin makaranta, alhali suna ɗaukar da yawa daga cikin limaman a matsayin baƙi masu ziyara. A nan, limamin gidan yari na nufin duk malamin addini da hukuma ta naɗa ko ta amince masa ya kula da ibada da halin zuciyar ɗaurarru, Musulmi ne ko Kirista ko mabiyin wani addini, namiji ko mace. Matsayin aiki kuwa ya ƙunshi ɗauka ta dindindin, da fansho, da hanyar ƙarin girma, da ƙa'idar cancanta sananniya.

2.0 Bitar Ayyukan Magabata

Masana tarihin gidan yari, irin su Ignatieff (1978), sun nuna cewa limami yana cikin ginshiƙan kurkukun zamani tun kafuwarsa. A tsarin kaɗaita fursuna da aka gina gidan yarin Pentonville a kansa a 1842, an ɗora fatan tuba da gyaruwa a kan kaɗaici da wa'azi, saboda haka limami ya zama babban jami'i. A wannan zamani, Beckford da Gilliat (1998) sun fito da yadda limaman Cocin Ingila suka zama dillalai tsakanin hukuma da malaman sauran addinai: ta hannunsu malamin Musulmi ko na Sikh yake samun ɗaki da lokaci da izinin shiga. Beckford da Joly da Khosrokhavar (2005) sun kwatanta Birtaniya da Faransa, suka tarar cewa ƙasar da take da cocin gwamnati ta fi saurin buɗe wa Musulmi ƙofa fiye da ƙasar da ta raba addini da mulki. A Amurka, Sundt da Cullen (1998) sun gano cewa kaso mai yawa na lokacin limami yana tafiya ne a aikin ofis da ba da shawara, ba a kan mumbari ba. Todd da Tipton (2011) sun nuna cewa ɗaurarru suna darajta limami domin suna ganinsa daban da ganduroba. Gilliat-Ray da Ali da Pattison (2013) kuma sun bi yadda limancin Musulmi a asibitoci da gidajen yari da jami'o'i ya rikiɗe ya zama sana'a mai horo na musamman.

Waɗannan ayyuka sun haskaka haƙƙin fursuna da dangantakar gwamnati da addini ƙwarai. Sai dai albashi da fansho da sharuɗɗan ɗauka sun zo a cikinsu ne a gefe, kamar batun gudanarwa da ba shi da zurfin da zai ja hankalin mai nazari. Wannan maƙala ta saɓa da wannan fifiko. Haƙƙin fursuna na ganin malamin addininsa ba ya tabbata sai da mutumin da zai zo kullum, kuma zuwan mutumin nan ya dogara ne a kan ko aikin zai riƙe shi da iyalinsa.

3.0 Hanyar Nazari

An bi hanyar nazarin takardu: dokokin majalisa, da hukuncin kotu, da rahotannin hukuma, da ƙa'idojin ƙasa da ƙasa. An ɗauki Ingila da Wales a matsayin babban misali domin a can ne batun ya kai kotu mafi girma da alƙaluma a gabanta, aka kuma waiwayi Faransa da Kanada domin su nuna wasu siffofi biyu na matsalar. Mizanin da aka auna kowane tsari da shi tambayoyi ne masu bin juna: wane aiki ake yi, a kan wane matsayi aka ɗauki mai yin sa, kuma a wuyan wa alhakin samar da aikin ya rataya. Ma'aunin waje kuwa shi ne Ƙa'idojin Nelson Mandela na kula da fursunoni, waɗanda Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da su a Disamba 2015, da Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1958, wadda ta haramta wariya a wurin aiki, har da wadda ta danganci addini.

4.0 Nazari

4.1 Tarihin Shiga Bi da Bi

Biyan limamin gidan yari daga dukiyar jama'a tsohon abu ne a Ingila. Tun 1773 doka ta ba alƙalan gundumomi ikon naɗa limami su biya shi, dokar gidajen yari ta 1823 ta zamanin Robert Peel kuma ta mayar da naɗin wajibi. Amma kujerar ta Cocin Ingila ce kaɗai. Sai a 1863 aka yi dokar da ta ba da damar naɗa limaman Katolika a biya su, bayan an daɗe da tara ɗimbin 'yan Katolika a kurkuku, musamman 'yan asalin Ireland. Dokar Gidajen Yari ta 1952, wadda take aiki har yau, ta wajabta wa kowane gidan yari samun shugaba da limami, ta kuma shardanta limamin ya kasance na Cocin Ingila. Malaman sauran addinai an tanadar musu sashe na 10, wanda ya ba minista damar naɗa su idan yawan mabiyansu ya kai. Ke nan rukuni ɗaya ya shiga da wajibcin doka, sauran suka shiga da ganin damar hukuma.

Musulmi sun bi sahun da Katolika suka bi, da tazarar fiye da ƙarni guda. An naɗa mai ba hukumar gidajen yari shawara kan harkokin Musulunci na farko a 1999, kuma sai a 2002 aka fara ɗaukar limaman Musulmi a matsayin ma'aikata masu albashi. Kafin nan ana biyan su ne gwargwadon awannin da suka yi. A shekarar 2002 Musulmi sun kai kashi 8 cikin 100 na fursunonin Ingila da Wales, kuma cikin shekara ashirin da suka biyo baya kason ya ninka har ya zarce.

4.2 Aikin da Ake Biya

Wanda bai san gidan yari ba zai ɗauka aikin limami shi ne sallar Juma'a ko sujadar Lahadi. Ƙa'idojin hukumar sun ɗora masa abin da ya fi haka nauyi. Dole a ga kowane sabon fursuna cikin awa 24 da shigowarsa, lokacin da haɗarin kashe kai ya fi tsanani. Dole a ziyarci waɗanda aka keɓe a ɗakin horo da waɗanda suke kwance a sashen jinya kowace rana. Idan mahaifiyar ɗaurarre ta rasu, galibi limami ne yake tabbatar da labarin, ya kai masa, ya zauna da shi. Yana shiga zaman da ake yi kan fursunan da ake tsoron zai cutar da kansa, yana ganin mai shirin fita, yana riƙe mabuɗi, yana rubuta rahoto. Abin lura shi ne, waɗannan ayyuka na yau da kullum limamin da yake bakin aiki ne yake yin su ga kowa, ba a duba addininsa ko na fursunan. Limamin Musulmi yakan kai wa Kirista saƙon rasuwa, fasto yakan ziyarci Musulmi a ɗakin horo, kuma a yau shugabancin sashen limamai a gidan yari ba a keɓe shi ga addini ɗaya ba. Da zarar hukuma ta tsara aiki haka, ta riga ta shaida da kanta cewa aikin ɗaya ne, ko wane ne ya yi shi.

4.3 Shari'ar Naeem

Naeem ya fara aiki a gidan yarin Bullingdon a Yuni 2001 a kan biyan awa, ya zama ma'aikaci mai albashi a Oktoba 2004. Ma'aunin albashin limamai a wancan zamani tsani ne da ake hawa da yawan shekarun aiki, kuma a lokacin da ya shiga, hawa daga ƙasa zuwa sama yana cin shekara 17. Hukumar ta fara gajarta tsanin da niyyar mayar da shi shekara 6, har ya sauko zuwa 9 ga wanda ya shiga a 2009, sai gwamnati ta dakatar da ƙarin albashin ma'aikata daga 2010, gyaran ya tsaya a hanya. Alƙaluman da aka gabatar sun nuna cewa a ranar 1 ga Afrilu, 2011, matsakaicin albashin limamin Musulmi fam 31,847 ne a shekara, na limamin Kirista kuwa fam 33,811. Matsakaicin shekarun aikin Musulmi 5.76 ne, na Kirista 9.43.

Kotun ɗaukaka ƙara ta ma'aikata ta ga cewa kwatancen adalci shi ne a cire duk wanda aka ɗauka kafin 2002, domin daga wannan shekara kowa tafiyarsa ɗaya. Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma ta ce dalilin giɓin shekarun aiki ne, ba wani abu da ya keɓanci addini ba. Kotun Ƙoli, a hukuncin da Mai Shari'a Hale ta rubuta, ta yi watsi da duka hanyoyin biyu. A fahimtarta, sashe na 19 na Dokar Daidaito ta 2010 bai nemi mai ƙara ya nuna mugun nufi ba, bai kuma nemi dalilin cutarwar ya zama siffar addinin kansa ba. Ya isa a nuna cewa ƙa'idar da aka shimfiɗa wa kowa ta fi danne wani rukuni, kuma duk wanda ƙa'idar ta shafa dole a saka shi cikin lissafi. Wannan ɓangare na hukuncin daidai ne, domin cire tsofaffin ma'aikata daga kwatance tamkar goge shaidar da ake neman a duba ne.

Inda hukuncin ya raunana shi ne wajen uzuri. Kotun ma'aikata ta karɓi hujjar hukuma cewa tsanin yana saka wa gogewa, yana riƙe ma'aikata, kuma ana buƙatar sauyi cikin tsari daga dogon tsani zuwa gajere. Kotun Ƙoli ta lura cewa idan mai ɗaukar aiki ya ce yana kan hanyar gyara, ya dace a tambaya ko akwai hanyar da ta fi sauri, an kuma ambaci misalai kamar mayar da ranar fara lissafi baya ko ƙara wa waɗanda abin ya shafa mataki. Amma ta ƙi taɓa abin da kotun farko ta yanke kan hujjoji. Ta fuskar ƙa'idar ɗaukaka ƙara wannan abin fahimta ne. Ta fuskar adalcin albashi kuwa akwai abubuwa biyu da ba su sami amsa ba. Na farko, hukumar da ta sa shekara 6 a matsayin burinta ta nuna cewa a ganinta wannan ya ishi limami ya kai cikar ƙwarewa. Idan haka ne, duk matakin da ya wuce nan ba gogewa yake saka wa ba, daɗewa ce kawai, kuma daɗewar nan dama ce da aka buɗe wa rukuni ɗaya aka rufe wa wani. Na biyu, tsanin yana fara ƙidaya ne daga ranar da mutum ya zama ma'aikaci. Limamin da ya shekara yana shiga gidan yari a kan biyan awa ya tara gogewar da ake cewa ita ake biya, amma takarda ba ta san da ita ba. Tsarin da ya ce yana girmama gogewa, sannan ya ƙi ganin wadda aka samu a ƙarƙashin rufinsa, hujjarsa ta ci karo da kanta.

Za a iya cewa giɓin fam 1,964 a shekara, wato kusan kashi 6 cikin 100, bai taka kara ya karya ba. Amma yana maimaituwa kowace shekara, yana kuma bin mutum zuwa fansho, tun da da albashi ake lissafa shi. Bugu da ƙari, alƙaluman sun shafi waɗanda suka riga suka sami ɗauka ne kawai. Malaman ƙananan addinai da har yanzu ake biya da awa ba su cikin lissafin ko kaɗan.

4.4 Faransa da Kanada

A Faransa, dokar 9 ga Disamba, 1905 ta hana gwamnati biyan kowane addini albashi, amma sashenta na 2 ya keɓe kuɗin limanci a makarantu da asibitoci da gidajen yari, bisa fahimtar cewa wanda aka tsare ba zai iya neman wurin ibada da ƙafarsa ba. Duk da haka, abin da limamin gidan yari yake samu alawus ne da ake lissafawa da awa, ba albashin ma'aikacin gwamnati ba, alhali takwaransa na soja yana da cikakken matsayi. A takarda ƙa'idar ɗaya ce ga kowa, a aikace ba haka ba: fadan Katolika yana da majami'ar da take ɗauke da shi, limamin Musulmi kuwa sau da yawa sai ya haɗa da wata sana'a ko ya jira ritaya. Bayan hare-haren da aka kai a ƙasar a Janairu 2015 gwamnati ta sanar da ƙara limaman Musulmi 60, kuma wata doka ta Mayu 2017 ta wajabta wa sababbin limamai masu karɓar kuɗi samun shaidar karatu kan dokokin ƙasa da zamantakewa. An ɗora musu sharaɗin ƙwararru ke nan, ba a ba su matsayin ƙwararru ba.

Kanada ta bi wata hanya. A 2012 ministan tsaron al'umma, Vic Toews, ya sanar da soke kwangilar limaman wucin gadi na gidajen yarin tarayya, alhali kusan duk limaman da ba Kirista ba a wannan rukuni suke. A 2013 aka miƙa aikin gaba ɗaya ga kamfani guda, a 2016 kuma kwangilar ta koma hannun wani kamfani mai tushe a Florida ta Amurka. Limaman sun shiga ƙungiyar ƙwadago ta United Steelworkers a 2019, suna kukan albashin da ya tsaya cik da rashin tabbacin awannin aiki. Darasin da yake nan shi ne, idan aka mayar da limanci kayan kwangila, mai neman ya ci kwangilar ba shi da inda zai rage farashi sai a jikin ma'aikaci, domin aikin ba shi da wani jari da ya wuce lokacin mutum.

4.5 Giɓin Ƙa'idojin Mandela da Batun Cancanta

Ƙa'ida ta 65 ta ce idan mabiya wani addini sun yi yawa a gidan yari, a naɗa ko a amince da wakilin addinin da ya cancanta, kuma idan yawansu ya kai a mayar da aikin na cikakken lokaci. Ƙa'ida ta 74 ta nemi ma'aikatan gidan yari su zama na dindindin, masu matsayin ma'aikatan gwamnati da albashin da zai jawo nagari ya riƙe su. Amma ƙa'ida ta 78, wadda ta lissafa ƙwararrun da ake buƙata, ta ambaci likitocin ƙwaƙwalwa da masana halayyar ɗan Adam da jami'an jin daɗin jama'a da malaman makaranta da masu koyar da sana'a, ba ta ambaci limami ba. An san shi ke nan a babin haƙƙin fursuna, an bar shi a babin haƙƙin ma'aikaci, kuma ta wannan kafa ce hukumomi suke cika ƙa'ida ta 65 da 'yan sa kai da masu alawus.

Amincewa da sana'a tana buƙatar ƙa'idar cancanta, sai dai ƙa'idar tana iya zama sabuwar ƙofar wariya idan aka ɗinka ta da awon addini ɗaya. Hukumar gidajen yarin tarayya ta Amurka tana neman babban digiri na tauhidi irin wanda makarantun horar da fastoci suke bayarwa. Binciken babban sufeton Ma'aikatar Shari'a na 2021 ya tarar cewa daga cikin limamai 236, kashi 84 cikin 100 'yan Furotesta ne, alhali 'yan Furotesta kashi 34 ne na fursunonin da suka bayyana addininsu, ya kuma danganta hakan da sharuɗɗan ɗauka. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba cancantar biyu: ilimin addini a bar wa majalisar addinin ta tantance da ma'auninta, horon aikin gidan yari kuma ya zama ɗaya ga kowa. Kwas ɗin limancin Musulmi da Cibiyar Markfield ta fara a 2003 ya nuna cewa hakan mai yiwuwa ne.

5.0 Suka da Amsa

Suka mafi ƙarfi daga cikin addini take fitowa: aikin Allah ne, kuma neman albashi a kansa yana gurɓata niyya. Ba a raina wannan magana, domin magabatan Hanafiyya sun hana karɓar lada a kan limanci da kiran salla da koyar da Alƙur'ani. Amma malamansu na baya sun halatta, saboda kason da malamai suke samu daga baitulmali ya yanke, suka ji tsoron ilimi zai tozarta idan kowa ya tafi neman abinci. A mazhabar Malikiyya, Ƙarafi ya keɓe babi a littafinsa Al-Furuƙ inda ya bambanta ijara da arziƙin da ake yankawa daga baitulmali, wanda ba farashin ibada ba ne, tallafi ne domin mutum ya keɓe kansa ga maslahar jama'a. Abu Yusuf kuma, a Kitabul Kharaj, ya shawarci Halifa Haruna Rashid da ya ɗauki nauyin ɗaurarru daga baitulmali. A ɓangaren Kirista, Manzo Bulus ya tabbatar da haƙƙin mai wa'azi na ci daga aikinsa, ko da yake shi kansa ya yafe nasa. Yafewa falala ce idan mai haƙƙi ya zaɓe ta da kansa. Idan mai ɗaukar aiki ne ya gina kasafinsa a kanta, ta zama cin gumi.

Akwai kuma dalilin da ya keɓanci gidan yari. A ƙasar Hausa, kamar a wurare da yawa, jama'a ce take riƙe limaminta ta hanyar sadaka da zakka da abin da ake bayarwa a suna da ɗaurin aure, fasto kuma da baikon ikilisiya. Jama'ar limamin gidan yari ba ta da abin bayarwa. A Ingila mafi ƙarancin ladan fursuna mai aiki ya daɗe a kan fam 4 a mako. Ko da suna da shi, karɓar kyauta daga hannun ɗaurarre laifi ne ga duk mai aiki a gidan. Gwamnatin da ta raba mutum da masallacinsa ko cocinsa, ta kuma toshe hanyar da al'ada take biyan limami, ita alhakin ya koma wa. Wannan ce amsar masu cewa bai dace a kashe harajin jama'a a kan addini ba, kuma ita ce hikimar keɓewar da dokar 1905 ta yi a ƙasar da ta fi kowace tsanantawa wajen raba addini da mulki.

Suka ta biyu ita ce, albashi yana saye bakin limami, ya mayar da shi ɗan hukuma a idon fursuna. Haɗarin gaskiya ne. Tun bayan 2001, musamman bayan rahoton Ian Acheson na 2016 kan tsattsauran ra'ayi a gidajen yarin Ingila da Wales, ana yawan kallon limamin Musulmi ta tagar tsaro, kuma limamin da fursunoni suka ɗauka ɗan leƙen asiri ne ya rasa abin da ya sa yake da amfani. Sai dai a duba wane ne ya fi rauni a gaban shugaban gidan yari. Ma'aikacin dindindin ba a sallamarsa sai da tuhuma da bincike da damar kare kai. Mai biyan awa kuwa ba ya buƙatar a kore shi, ya isa a daina kiransa. Idan ana son limamin da zai iya shiga ofis ya ce an zalunci wane a ɗakin horo, to wanda yake da kariyar aiki ne zai iya. Ƙa'idojin Mandela sun tanadar wa likitan gidan yari 'yancin hukunci a fagen ƙwarewarsa duk da cewa gwamnati ce take biyansa, kuma ba a ga abin da zai hana a rubuta wa limami irin wannan kariya ba, tare da iyakar sirri bayyananniya da fursuna ya sani tun farko: abin da ya shafi rai ko tsaro za a kai shi gaba, sauran kuwa amana ce.

Wasu masu goyon bayan limamai suna kafa hujja da cewa shirye-shiryen addini suna rage komawa laifi, don haka kuɗin yana dawowa. Maƙalar ba ta jingina da wannan ba. Yawancin nazarce-nazarcen suna fama da matsalar zaɓin kai, domin fursunan da ya nufi gyaruwa shi ya fi zuwa wurin limami tun farko. Haƙƙin da aka rataya a kan irin waɗannan alƙaluma zai faɗi ranar da wani bincike ya saɓa musu.

Suka ta ƙarshe ta kuɗi ce da yawan mabiya: ba zai yiwu a ɗauki limamin dindindin ga addinin da mabiyansa biyar ne a gida ɗaya ba. Haka ne, amma ƙarancin awanni bai wajabta ƙarancin matsayi ba. Ana iya ɗaukar malami ɗaya ya kula da gidajen yarin yanki guda, ko a ba shi ɗauka ta dindindin ta rabin lokaci, da albashi da hutu da fansho gwargwadon kasonsa, a kuma biya shi lokacin tafiya da na horo. Ga waɗanda suka riga suka yi shekaru a kan biyan awa, hukuma tana da rajistar ƙofa da takardun biya, don haka tana iya tara awannin ta mayar da su shekarun aiki, ta ɗora mutum a matakin da ya dace da su ranar da ta ɗauke shi. Inda aka ba da aikin kwangila kuma, a rubuta mafi ƙarancin albashi da fansho da tabbacin awanni a cikin sharuɗɗan neman kwangilar, yadda masu takara za su yi gasa a kan ingancin gudanarwa, kuma limaman da suke bakin aiki su wuce zuwa sabon kamfani da shekarunsu cikakku duk lokacin da kwangila ta sauya hannu.